Shin waƙar silam za ta ƙara wa ɗalibaina kalmomi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Faransanci ce a wata makarantar sakandare a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina riƙe da ajin katiriyam (shekara ta uku a sakandare) mai ɗalibai sama da 80. Yawancinsu Hausa da Fulatanci suke yi a gida. Duk mako ina rubuta musu sababbin kalmomi a allo su kwafa su haddace, amma ranar rubutun insha'i sai ka ga kalmomin nan guda ashirin da suka saba da su ne dai suke ta juyawa. Na lura suna son kallon masu waƙar silam (waƙar da mutum ke rubutawa ya faɗe ta da baki a gaban jama'a) a waya, har wasu sun haddace baitoci. Zan iya amfani da ita wajen ƙara musu kalmomi, ko ɓata lokacin darasi ne? Ina kuma tsoron iyaye su ce na mayar da aji gidan kiɗa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Za ki iya, kuma ina ba ki shawarar ki yi. Sai dai silam ita kaɗai ba ta zuba wa yaro kalmomi a ka. Abin da take yi shi ne ta sa ya ji yana bukatar kalma, kuma wannan ne abin da jerin kalmomin allo ya rasa.

Bari in fara kawar miki da tsoron iyaye, don shi ne mai sauƙi. Silam ta asali ba ta da kiɗa. Wani ma'aikacin gini mai suna Marc Smith ne ya fara ta a birnin Shikago na Amurka a tsakiyar shekarun 1980, kuma ƙa'idojin da aka san ta da su ba su da yawa: mutum ya zo da waƙar da shi ya rubuta, ya faɗe ta cikin minti 3, ba kayan kiɗa, ba shigar wasa, ba wani abu a hannunsa. Ana zaɓo alƙalai 5 daga cikin 'yan kallo su ba da maki daga 0 zuwa 10, a jefar da mafi yawa da mafi ƙaranci, a haɗa sauran. Ta shigo ƙasashen da ke amfani da Faransanci ta yi ƙarfi, har a Njamena, babban birnin Chadi, aka yi gasar cin kofin Afirka ta silam ta farko a 2018. Idan uba ya tambaye ki, ki ce masa yaro ne zai tsaya ya faɗi abin da ya rubuta a gaban 'yan ajinsu. Mu da muka tashi da kirari da rubutattun waƙoƙin wa'azi da ake rerawa ba ganga, ga kuma mbooku, waƙar Fulanin yankin Marwa wadda maza ke yi da murya zalla, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Yanzu ga asalin matsalar. Kalmomin da ɗalibi ya sani kashi biyu ne. Akwai waɗanda yake ganewa idan ya ji ko ya karanta, akwai kuma waɗanda yake iya ɗaukowa da kansa lokacin da yake magana ko rubutu. Na farkon kullum sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ɗalibanki sun san kalmomin da kika rubuta musu, in kika nuna za su gane, amma ba su taɓa shiga halin da dole sai da kalmar za su fita ba. Ga kuma mantuwa: tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa yawancin abin da aka haddace yana zubewa ne a kwanakin farko idan ba a koma masa ba. Waƙar da yaro zai faɗa a gaban jama'a tana magance duka biyun. Shi ya nemo kalmar don ya faɗi abin da ke ransa, sannan zai maimaita ta sau da yawa da bakinsa, a hanya da gida, don kada ya ji kunya ranar.

Saboda haka kada ki fara da cewa "ku rubuta waƙa". Ki fara da jigo guda wanda ke jikinsu. A Garwa me ya fi zafin watan Maris da Afrilu? Ki rubuta shi a tsakiyar allo, ki tambaye su yadda ake faɗinsa a gida. Za ki ji wani ya ce rana ta take, wata ta ce gumi yana tsiyaya, wani ya ce rijiya ta ƙafe, wata ta ce an wuni ana layin ruwa da jarka. Yaron da Faransancinsa bai wuce "il fait très chaud" (ana zafi sosai) ba, sai ga shi da zance iri huɗu a harshensa. A nan ne za ki shigo da ƙamus. Ƙafewar rijiya ta kai su ga "tarir", tsiyayar gumi ta kai su ga "ruisseler", ƙarancin ruwa ya kai su ga "pénurie", numfashi da ƙyar ya kai su ga "suffoquer". Idan "sec" (busasshe) ya fito, kada ki bar shi shi kaɗai, ki jawo danginsa: "sécher", "sécheresse", "assécher". Kalma 10 zuwa 12 sun isa mako guda. Na fi son goma da suka zauna a baki da arba'in da ke kwance a littafi.

Sai ki raba su rukuni-rukuni na mutum 7 ko 8, kowane rukuni ya haɗa waƙar minti 1 da ta ƙunshi aƙalla 6 daga cikin kalmomin. Abin da za ki iya samu ba zai wuce irin wannan ba, kuma ya wadatar:

Le puits a tari, la sueur ruisselle,
ma sœur porte son bidon, le soleil la harcèle.

Rijiya ta ƙafe, gumi na tsiyaya, 'yar'uwata na ɗauke da jarka rana na gallabarta. Ki duba kalmar ƙarshe. Ba ta cikin jerin da kika bayar, neman abin da zai dace da "ruisselle" ne ya kai su gare ta. Wannan shi ne alherin amsa-amo: yana tura yaro cikin ƙamus da ƙafarsa.

Amma nan ne kuma haɗarin yake, kuma ina so ki sa ido sosai. Faransanci cike yake da kalmomi masu ƙarewa da "-tion", yaro kuwa da ya gano haka sai ya jero "nation", "passion", "révolution", "solution", aji ya ɗauki tafi, alhali bai ce komai ba kuma bai san ma'anar rabinsu ba. Yawancin abin da suke kwaikwayo daga waya ke nan. Ki kafa doka tun ranar farko: duk kalmar da ka sa a waƙarka, kowa a aji yana da damar tsayar da kai bayan ka gama ya ce ka fassara ta da Hausa ko Fulatanci, ko ka sa ta a wata jimla dabam. In ka kasa, an rage maki. Ki kuma gaya musu silam ba ta wajabta amsa-amo ba. Layin da ya faɗi gaskiya ba amsa-amo ya fi wanda ya yi daɗin kunne ba ma'ana.

Gyaran nahawu ki yi shi a takarda kafin ranar gabatarwa. Idan yaro ya tsaya ya fara, kada ki katse shi ko da ya karya jimla, domin wanda aka kunyata sau ɗaya a gaban mutum 80 da wuya ya sake ɗaga hannu. Masu kunya, musamman 'yan mata da aka tarbiyyantar da su kan sassauta murya, ki ba su amshi su faɗa tare, a hankali za ki ga ɗaya ta karɓi baiti ita kaɗai. Idan suna so su saka layi guda na Hausa ko Fulatanci, ki bar su, yana ƙara wa waƙa armashi. Sharaɗin kawai kada ya zama mafaka duk lokacin da kalmar Faransanci ta yi wuya.

Abin da malamai suka fi sakaci da shi shi ne bayan an tafa an watse. Kalmomin nan dole su dawo: a shifta bayan mako guda, a insha'i bayan wata guda, a waƙar jigo na gaba idan sun dace. In kin tashi daga zafi kin koma kogin Binuwai, ko kasuwa, ko noman auduga, ki nemi kowane rukuni ya ɗauko kalma 2 daga tsohon jigo.

Kada kuma ki ɗora wa silam kayan da ba nata ba. Tana da ƙarfi wajen kalmomin siffantawa da motsi da abin da zuciya ke ji, amma ba za ta ba su kalmomin kafa hujja da haɗa zance da za su bukata a jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ba. Masu binciken koyon harshe sun nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba da taimako ba, kuma yawan karatu ne kaɗai ke kai mutum can. Awa guda duk mako biyu ta ishi silam. Sauran lokacin ki bar wa karatu, ki riƙa zaɓo musu gajerun rubuce-rubuce a kan jigon da suka yi wa waƙa, don su sake cin karo da kalmominsu a bakin wani.