Katun da waya kaɗai, zai yiwu?

Ƙanena na Bauchi, ka ce kana aji biyar a sakandare, kana son haɗa katun amma babu kwamfuta. Wayarka ta isa. Akwai manhajojin waya biyu: FlipaClip ta zane ce, a Stop Motion Studio kuwa hoton mutum-mutumin laka kake ɗauka, kana motsa shi kaɗan-kaɗan. In hoto 12 ne a daƙiƙa, minti guda zai ci 720, don haka kar ka ɗauko dogon labari. Ka kafe wayar, ka yi aiki da fitila a ɗaki, domin hasken rana canzawa yake yi. Murya kuma a naɗa bayan asuba, kafin 'yan Keke Napep su fito. Wajen gyaran sauti dai, masu situdiyo sun fi ƙwarewa.