Wace ƙungiya ma'aikacin laburaren jami'a zai shiga?

Malam, ka tambayi amfanin ACRL, ƙungiyar laburarorin jami'o'i da na bincike, ga mai aiki a laburaren Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo ta Maraɗi. Reshe ce ta ƙungiyar laburarorin Amurka, ALA, tun 1940, kuma aikinta horas da ma'aikatan laburaren jami'o'i da tsara ƙa'idojin aiki. Ba a shiga ta kai tsaye: sai ka fara biyan kuɗin ALA, sannan ka ƙara na ACRL, duk da dala, kowace shekara. Nan mutanenmu ke makalewa, ga komi da Ingilishi. Mujallar ACRL kuwa kyauta take a intanet, ka fara da ita. Ni dai na fi ba ka shawarar AfLIA, ƙungiyar laburarorin Afirka, mai hedkwata a Accra, don tana aiki da Faransanci.