Wane gilashin zuƙo nesa zan saya wa sabuwar kyamarata?

Tambaya: Na sayi kyamara DSLR ta Canon, irin wadda ake canja wa gilashi, ta zo da gilashi mai 18-55mm. Hoton kusa yana fita tangaram, amma in na ɗauki 'yan ƙwallo a fili sai su fito mitsi-mitsi kamar kiyashi. Na ga gilashi biyu, 75-300mm da 55-250mm. Tunda 300 ya fi 250, shi zan ɗauka ko?

Amsa: Malam, dakata tukuna, kada girman lamba ya ruɗe ka. Tsakanin 250 da 300 ratar ba ta taka kara ta karya ba. Ɗan wasan zai ƙara girma a hoton da kashi ɗaya cikin biyar ne kawai, abin da za ka iya samu in ka ɗan datse gefen hoton a kwamfuta. Inda suka sha bamban wani wuri ne daban.

EF-S 55-250mm f/4-5.6 IS STM yana da abin da Canon ke kira IS, wato tsarin da ke rage rawar hannu. EF 75-300mm f/4-5.6 III ba shi da shi. In ka zuƙo abu daga nesa, ɗan motsin da hannunka ke yi ma ka zuƙo shi tare. Ka leƙa ta gilashi mara IS a 300mm, za ka ga hoton yana ta makyarkyata, har numfashinka sai ya nuna. Ka leƙa ta mai IS, ka ɗan taɓa maɓallin ɗauka rabi, sai ka ga hoton ya nutsu cak.

Masu ɗaukar hoto suna da wani tsohon lissafi: saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin. Sansar kyamararka, wato ɗan farantin da ke kama hoton a cikinta, ƙarama ce, irin APS-C, shi ya sa a Canon ake ninka tsawon da 1.6, a Nikon kuma da 1.5. Ke nan 250mm yana ba ka abin da 400mm zai bayar a babbar sansa, sai ka nemi 1/400 na daƙiƙa in ba IS. Da rana tsaka wannan ba wuya. Da yamma ta yi, haske ya ja baya, nan ake gane amfanin IS.

Sai dai kar in yi maka rufa-rufa: IS hannunka yake riƙewa, ba ya riƙe ɗan wasan da ke sheƙa gudu. Shi sai ka kai 1/500 ko 1/1000, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, in ya kama. Duk da haka 55-250 ɗin nake ba ka shawara, domin a can ƙarshen tsawonsa ya fi ɗaya ɗin fitar da hoto ras, yana saita kansa ba ƙara, kuma nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Aibinsa ɗaya: gilashin EF-S ba ya hawa kyamarar Canon mai babbar sansa, irin su 6D da 5D. In kana da niyyar komawa can nan kusa, ka duba EF 70-300mm mai IS.

Tambaya: Kyamarata Nikon D3500 ce. An yi min tayin tsohon gilashin Nikon 70-300mm na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, an ce ya hau daidai. In karɓa?

Amsa: 'Yar'uwa, hawa daban, aiki daban. Bakin kyamarar Nikon na F tun 1959 yake, don haka tsofaffin gilasai da yawa za su ɗauru. Amma D3500 da sauran 'yan gidan D3000 da D5000 ba su da injin saita hoto a jikinsu, sun dogara ne da wanda ke cikin gilashin. Ki duba rubutun da ke jikinsa. In kin ga AF-S ko AF-P, akwai inji. In AF ne kawai, da hannu za ki riƙa murɗawa, kuma bin abu mai motsi da hannu a 300mm aiki ne ja.

Wanda ya fi dacewa da ke shi ne AF-P DX 70-300mm f/4.5-6.3G. Ki lura iri biyu ne, akwai mai VR akwai mara shi, kuma kamarsu ɗaya. VR shi ne sunan da Nikon ke kiran abin da Canon ke ce wa IS (Sigma na cewa OS, Tamron kuma VC). Mai VR za ki nema. Masu tsofaffin kyamarori irin D3100 da D3200 su kuma su guji AF-P, ba ya aiki da su.

Tunda na hannu ne, ki cire murafensa biyu, ki haska fitilar waya ta baya, ki leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane gilashi yana tara ta. Amma in kin ga wasu farare-fararen zare sun yi rassa a ciki, funfuna ce, ki bar musu kayansu. Ki murɗa shi daga farko zuwa ƙarshe ki ji ko yana cijewa, sannan ki ɗaura a taki kyamarar ki ɗauki hoto kafin ki biya.

Tambaya: Taro nake ɗauka a cikin zaure, hotunan suna yin duhu ko dishi-dishi. Kowa yana cewa 70-200mm f/2.8. Ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Kai kam ya cancanta, domin matsalarka haske ce, ba nisa ba. Lambar f tana nuna faɗin kafar da haske ke shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce kafa mai faɗi. A f/2.8 hasken da ke shiga ya ninka na f/5.6 sau huɗu. Inda mai f/5.6 ya maƙale a 1/60, kai kana 1/250 da ISO iri ɗaya, hannun mai jawabi ba zai fito a shafe ba. Ga shi yana narkar da bayan mutum, fuskarsa ta fito ita kaɗai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne nauyi. Na Canon da na Nikon na kyamarorin DSLR duk suna kusan kilo ɗaya da rabi, ban da kyamarar. Ka rataya shi yini guda, wuyanka zai ba ka labari. Akwai 70-200mm f/4 mai kusan rabin nauyin, amma rabin hasken yake bayarwa. In kuma aljihu bai kai ba, 85mm f/1.8 ba ya zuƙowa, kai za ka riƙa matsawa da ƙafarka, sai dai ya fi ma f/2.8 ɗin shan haske.

Tambaya: Me zai hana in sayi 18-300mm guda ɗaya in huta da canje-canje?

Amsa: In tafiya kake yawan yi, ba ka son jaka mai nauyi, ba laifi. Amma gilashin da ya haɗa kusa da nesa haka yakan yi laushi a can ƙarshe, kuma kafarsa tana tsukewa zuwa f/5.6 ko f/6.3. In kana da 18-55mm a hannu, wani ɓangare na abin da za ka biya wa kuɗi kana da shi tuni.