Amsa kan salon kiɗan Elmore James

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa jitar Elmore James, mawaƙin blues (wani salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka), take fitar da sauti mai kama da kukan mutum. Dalilin shi ne yakan sanya ɗan bututun ƙarfe a yatsarsa, yana zamar da shi a kan tsirkiya maimakon danna ta, sai sautin ya riƙa jan tsawo yana karkarwa.

An haife shi a jihar Misisipi ta Amurka a 1918. Ya taɓa aiki a shagon gyaran rediyo a garin Canton, kuma can ne ya koyi yadda zai ƙara wa na'urar sautinsa ƙarfi da kaushi, abin da a ganina ya fi komai bambanta shi da magabatansa. A 1951 ya ɗauki waƙar "Dust My Broom", wadda wani mawaƙin blues, Robert Johnson, ya fara yi a 1936, sai ta zama tambarinsa.

Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Chicago a 1963, amma matasan Ingila sun rungumi salonsa, har Brian Jones na ƙungiyar mawaƙa ta Rolling Stones ya taɓa kiran kansa Elmo Lewis saboda shi.