Konkur na likitanci a Kamaru: maki kaɗai ya isa?

Alhaji, ka tambaya ko konkur, wato jarrabawar gasa ta shiga makarantar likitanci, yana zaɓo waɗanda suka cancanta, tunda 'yarka ta ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, da maki mai kyau amma ba ta samu gurbi ba. Allah ya ba ta sa'a a karo na gaba.

Tun 2013 jarrabawar ta zama guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, kuma gurabe kaɗan ne. Wannan ya rage son kai, na yarda. Amma abin da take aunawa shi ne haddar ilmin halittu, kimiyyar sinadarai da fiziks a kan takarda. Yaron Yawunde da ya biya kuɗin darasin share fage ya fi na wani ƙauye a yankin Mayo-Luti na arewacin ƙasar dama, ko da na ƙauyen ya fi shi kaifin ƙwaƙwalwa.

Koyarwar ce ta fi damuna. Shekara 7 ake yi, shekarun farko kuwa yawanci lacca ce da kwafar rubutu da Faransanci. Sai ɗalibi ya shiga ɗakin marasa lafiya a Garwa, uwa ta miƙo masa yaro mai zazzaɓi, wuya ya sanƙare, tana bayani da Fulatanci, shi kuma ya tsaya yana neman mai fassara. Sanƙarau ba ya jira.

Shi ya sa samun sashen likitanci a Garwa ya faranta mini rai. A kai ɗalibai gaban gado da wuri, a koya musu sauraron majiyyaci. Ita kuwa 'yar taka, ta nemi takardun jarrabawar shekarun baya ta riƙa gwada kanta da agogo a gabanta.