Tambaya da Amsa: Zuwa bakin teku a Legas ba tare da an kwana a goslo ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in kai iyalina Legas hutun Disamba, yara su ga teku. Za mu sauka wajen ƙanena a Agege, kuma niyyata in tafi da motata. An ce mini goslon can ba irin wanda muka sani ba ne. Yaya zan tsara fita zuwa Lekki? — Wani mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya gaya maka gaskiya ya faɗa. Daga Agege zuwa wuraren shaƙatawa na Lekki kusan rabin tafiyar Katsina zuwa Daura ce, amma idan ka fita a lokacin da bai dace ba tana iya cin awa uku.

Ruwa ne ya jawo haka. A Katsina idan hanyar Ƙofar Ƙaura ta cushe sai ka ratse ta wani lungu ka ɓulla. A Legas ruwa ya raba tsibiran da sauran gari, kuma gadoji uku kacal ke shiga tsibirin Legas: Carter, da Eko, da Third Mainland, wadda aka kammala a 1990, tsawonta kusan kilomita 12. Ofisoshi da manyan bankuna da otal-otal suna can ɓangaren tsibiri, mafi yawan ma'aikata kuma suna kwana a wannan ɓangaren. Saboda haka da safe, daga wajen ƙarfe shida zuwa goma, kowa tsibiri ya nufa. Daga ƙarfe huɗu na yamma har bayan isha'i kuma kowa ya juyo gida. Lekki ta fi muni, domin doguwar ƙasa ce siririya, teku a kudu, tabki a arewa, babbar hanya ɗaya ce ta ratsa ta har Epe. Mota ɗaya ta mutu a Ajah, layi ya miƙe har inda ido ba ya kai wa. A Disamba kuma ga 'yan hutu daga ƙasashen waje, ga bukukuwa da wasannin dare, sai yamma ta cushe ta kowane hannu.

To ga yadda za ka yi. Zaɓi Asabar ko Lahadi, ku fita da an sallame sallar asuba. Ka bi ta Ikeja ka hau Third Mainland, ka sauka Ikoyi, ka haye gadar da ta haɗa Ikoyi da Lekki, wadda aka buɗe a 2013. Kafin ƙarfe takwas kuna can, rana ba ta yi zafi ba. Da kun yi azahar ku kamo hanya, kada ku yarda ƙarfe uku ta same ku a bakin ruwa komai kukan yara. Idan dole sai ranar aiki, to ku bari sai bayan ƙarfe goma. Wuri ɗaya ya isa a yini ɗaya. Mai son haɗa Lekki da Badagry, da ke can ƙarshen yammacin jihar, rana guda, a mota zai yi hutunsa.

Kafin ka hau gada tankinka ya wuce rabi, domin babu gidan mai a kanta. Kowa ya kama ruwa ya yi alwala tun daga gida, a ɗauki ruwan sha da abin taɓawa na yara.

Maganar tafiya da motarka kuwa, mu ba mu ba ka wannan shawarar ba. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma baƙon direba shi ne abincin jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Legas. Tituna da yawa hannu ɗaya ne, allon ma wani lokaci ba ya ganuwa, kuma dokar jihar ta 2018 ta ba da damar ƙwace motar wanda ya bi hannun da aka hana. Layin da aka ware wa motocin BRT, wato manyan bas-bas na haya, shi ma kada tayarka ta taka shi ko da ka ga wasu na bi. Idan ka ajiye motar a gidan ƙanenka ka ɗauki tasi ta manhajar waya, kuɗin zai fi ciwo amma hankalinka zai kwanta. Idan ka nace sai da ita, ka lura da mashigar gari: kusa da Mowe a kan hanyar Ibadan akwai babban sansanin cocin Redeemed, suna taron shekara a farkon Disamba, kuma doguwar gadar Kara, inda kasuwar shanu take, ta saba cushewa. Ka shiga da hantsi, kada ka shiga da dare.

Tambaya: Ni direba ne, ina ɗaukar kaya zuwa kasuwar Mile 12. Motata ba ta taɓa zafi a hanya ba, amma da na shiga goslon Legas sai allurar zafi ta tashi. Me ke jawo haka? — Direba daga Daura

Amsa: Malam, a kan hanya iskar gudu ce ke sanyaya lagireto, ko fanka ta mutu ba za ka sani ba. A goslo babu wannan iskar, fanka kaɗai ke aiki. Ka gwada ta tun a Daura: tayar da mota ka bar ta a tsaye minti ashirin. Idan allura ta kai tsakiya fanka ba ta tashi ba, a duba fis, da rile, da na'urar da ke jin zafin ruwa, sannan motar fankar kanta. Idan taka mai fambel ce, a duba ko ya saki. Murfin lagireto ma a duba robarsa; idan ta tsage ruwa zai tafasa da wuri ya bi ta bututu ya zube. Ƙurar hanyarmu da ƙwarin dare suna toshe ramukan lagireto, a wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi sosai.

Idan allurar ta tashi kana cikin layi, kashe esi, ka kunna hita har ƙarshe, zai janye wani zafin daga inji. Ka samu gefe ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin sai bayan rabin awa, kuma da tsumma. Mutane da yawa sun ƙone fuska a nan. Jarkar ruwa mai lita biyar kada ta rabu da but ɗinka. Ka kuma daina ɗora ƙafa a kan kuloci kana jiran na gaba ya motsa, ka sa firi ka ja birkin hannu, in ba haka ba faranti zai ƙone.

Da damina, wajen Yuni da Yuli, ruwa kan kwanta a tituna. Idan ya wuce rabin taya kada ka shiga. Idan mota ta mutu a ciki kada ka sake murza makulli, domin ruwan da ya shiga ta bututun iska zai lanƙwasa sandar fistin. A kira janwe, a cire fulogi a fitar da ruwan tukuna.

Tambaya: Ba za a iya hawa acaɓa ko jirgi a huta da goslon ba? Ni dai ruwa nake tsoro. — Wata uwa daga Katsina

Amsa: Hajiya, acaɓa ki cire shi a lissafi. Tun 1 ga Yuni 2022 aka hana shi a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Eti-Osa inda Lekki take, daga baya aka ƙara wasu, kuma fasinja ma ana kama shi. Jirgin ƙasa kuwa akwai: jan layi yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi zuwa Oyingbo, shuɗin layi kuma tun 2023 yake jigila tsakanin Mile 2 da Marina. Da katin Cowry ake biya, shi ne kuma na BRT. A tasha ake saye a zuba masa kuɗi. Ki tambayi lokutan tashi tun jajibiri, domin ba kowace sa'a ake samu ba.

Tsoron ruwa ba abin kunya ba ne, sai dai bakin tekun Tarkwa Bay ba a zuwa sai ta jirgin ruwa. Idan za ki je, ki hau daga tasha mai rajista irin ta Falomo a Ikoyi, a ba kowa rigar ceto daidai jikinsa, har da ƙananan yara, a ɗaure igiyoyinta kafin jirgi ya tashi. Idan kika ga an cika shi maƙil ki jira na gaba, kuma ki dawo tun kafin magariba.