Kada Ka Kuskura Ka Taɓa Bawul Ɗin Iska

Kai yaro, saƙonka ya iso. Ka ce matar hawa na huɗu a ginin da na tura ka tana kukan bushewar iska, yaranta suna haɓo da dare, leɓunansu duk sun tsage, wai ko ka sassauta ɗan bawul ɗin iska na radiyeta (ƙarfen da tururi ke shiga ya ɗumama ɗaki; bawul ɗin shi ke fitar da iska, ya rufe in tururi ya iso) don tururi ya riƙa fita yana jiƙa ɗakin. Kada ka kuskura. Wannan dabarar ta taɓa cinye min gumina, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani mai gida ne a nan Bronx, cikin birnin Niyok, tsohon gini irin na kafin yaƙin duniya na biyu, mai bututu ɗaya: ta nan tururi ke hawa, ta nan ruwa ke gangarowa. Na sa masa sabuwar tukunyar ƙarfen zubi, wadda ke tafasa ruwa ta tura tururi zuwa radiyetoci, aikin da ko yau a kira kowane gwani ya duba ba zan ji kunya ba. Tukunya irin wannan in ta samu kulawa tana haura shekara 20 lafiya lau. Shi ke nan, 'yan shekaru kaɗan, ina tsaka da canza masa bututai a ɗaya gininsa, sai ga kira cikin sanyin Janairu: tukunyata ta mutu. Tun daga titi na hango farin hayaƙi na tashi daga bututun saman rufi, gabana ya faɗi, don na san tururi ne ke tsiyaya ta cikin wuta. Na sauka ɗakin ƙasa, na bar ta ta huce, na cika ta da ruwa har ya wuce layinsa, sai ga ruwa yana zuba. Tsatsa ta huda ta daga sama.

Na bi gidan ɗaki-ɗaki. Ashe mai kula da ginin, don ya huta da ƙorafin 'yan haya, ya bi bawuloli da ƙusa yana hudawa, wasu ma ya cire su gaba ɗaya. Fenti ya kumbura, bango ya yi baƙi da fumfuna. A ƙasa kuwa na'urar ƙara ruwa tana ta ɗura sabon ruwan famfo dare da rana, ba wanda ya lura. Ruwan tukunya zagayawa yake yi: ya tafasa, ya kumbura kusan sau 1,700, ya hau, ya huce, ya dawo. Duk ɗigon da ya tsere sai an maye shi da sabo, sabon ruwa kuma yana ɗauke da iskar oksijin, ita ce ke cin ƙarfe.

Na kama hannun mai gidan na nuna masa ramukan ƙusa da idonsa. Ya ce shi bai san wannan ba, ni na sa tukunya, ni zan biya. Kamfanin da ya ƙera ta ya ce lamuninsu bai shafi ɓarnar sabon ruwa ba, kuma gaskiyarsu ne. Kuɗin aikin ɗaya ginin, har da na kayan da na ciwo bashi, ya riƙe bai ba ni ko sisi ba. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Mutumin da na sha tashi tsakar dare cikin ƙanƙara saboda shi! Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kun fi yarda da bidiyon minti ɗaya a waya a kan wanda hannunsa ya ƙone a jikin bututu. Da ka tsaya ka yi tunani da ka gane radiyeta ba ta shan danshin kowa. Iskar waje mai sanyi dama ruwan cikinta kaɗan ne, in ta shigo ta ɗumama sai ta bushe ƙayau, kamar hunturun gida da ke tsaga ƙafa. Kuma tsofaffin radiyetocin nan an yi su da girma fiye da kima, musamman bayan annobar murar 1918, lokacin da ake so mutane su kwana taga a buɗe. Sai ɗaki ya yi zafi, a buɗe taga, busasshiyar iska ta ƙara shigowa. Dokar birnin Niyok daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu digiri 68 na Farenhait take nema da rana, 62 da dare. Ba ta ce a gasa mutane ba.

Saboda haka rage zafin tukuna. Sa mata bawul ɗin iska mai ƙaramin rami, ka duba kada matsin tukunyar ya wuce fam 2 a kan kowane murabba'in inci. Babban bawul na ƙasan radiyeta, inda tururi ke shiga, ko a buɗe sarai ko a rufe ruf. Rabi-rabi shi ke kawo bugun nan na cikin bututu da ke hana barci. Yadda ake kwancewa da ɗaurawa ba zan ɓata bakina ba.

Kwanon ruwa a kan radiyeta yana ɗan taimakawa, amma ba ya isa. Ta sayi na'urar ƙara danshi da ɗan ma'auninsa, ta riƙe shi tsakanin kashi 30 zuwa 50. Ta canza ruwa kullum, ta wanke duk kwana uku, in ba haka ba ƙwayoyin cuta za ta riƙa fesa wa yara. In ruwa ya fara gangarowa a gilashin taga, ya yi yawa. In haɓon bai tsaya ba, ta kai su asibiti, wannan ba aikinmu ba ne.

Kafin ka bar ginin, sauka ka karanta mitar na'urar ƙara ruwa, ka rubuta lambar da kwanan wata a katin da ke rataye a jikin tukunyar. Mako mai zuwa ka sake karantawa, ka kawo min lambobin biyu.